Daga Anka Zuwa Hubbaren Shehu: Tattaki Cikin Biranen Da Suka Riƙe Ƙasa

  

Duk wanda Allah Ya nufa da zama a Alƙahira, ko don karatu ko don fatauci, ya san wata al'ada da mutanen birnin da baƙinsu suke da ita. Mutum zai ware yini guda, ya ajiye mota, ya shiga tsohon birni ta Babul Futuh, ya bi titin Mu'izzu a ƙasa har ya ɓulla Babu Zuwaila. Tafiyar ba ta fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, amma sai ta cinye wa mutum hantsi da azahar, domin kowane taku akwai abin tsayawa. Ga masallacin Hakim, ga asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a ƙarshen ƙarni na 13, ga makarantu da wuraren shan ruwa na sadaka, ga kuma Azhar can gefe, wadda aka fara sallar Juma'a a cikinta a shekarar 972. Malamai suna jan ɗalibansu ta wannan titi ana yi musu bayani, kuma yaron da ya bi shi sau ɗaya ba a sake shan wahalar fahimtar da shi su wane ne Faɗimawa, su wane ne Mamalik.

To mu da muke Anka da Gummi da Bukkuyum, ina za mu kai namu 'ya'yan?

Wani zai ce Abuja. Lalle Abuja tamu ce, kuma wanda ya je bai kamata ya dawo bai yi salla a Masallacin Ƙasa ba, bai hango Dutsen Aso ba. Sai dai Abuja ba birnin tattaki ba ce. Domin masu mota aka zana ta tun bayan dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi a 1976, kuma sai ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a cikinta. Titunanta faɗi gare su, inuwa kuwa ƙalilan, kuma tsakanin wannan gini da wancan akwai tazarar da za ta sa mai tafiya a ƙasa ya yi nadamar fitowa. Kayan tarihin ƙasar ma mafi yawansu ba a can suke ba. Motar da aka harbe Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas, wasu kayan suna Jos, wasu Kaduna, wasu Gidan Makama a Kano. Ko sunan Abuja kansa aro ne daga garin da muke kira Suleja a yau, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da tsohon gidan sarautar Zazzau daga Zariya. Ashe ko sunan babban birnin tarayya ba za a gane asalinsa ba sai an san abin da ya faru a wannan yanki namu.

Alhali kuwa muna da biranen sarauta guda biyu a kusa da mu, waɗanda kowannensu ya riƙe ƙasa a zamaninsa, kuma ana iya zaga su da ƙafa. Ɗaya muna kwana muna tashi a cikinsa.

Anka ba ƙaramar hukuma ce kawai ba

Yaro a Anka yana jin ana cewa Sarkin Zamfara, yana kuma jin ana cewa Jihar Zamfara, sai ya zaci sarautar ce ta ari sunan jihar. Jihar kuwa ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke ta daga Sakkwato, sarautar ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. Riwayar Zamfarawa tana farawa ne daga Dutsi, wajen Zurmi, tana ambaton Dakka a farkon jerin sarakuna, tana kuma ambaton sarauniya 'Yargoje. Daga baya aka gina Birnin Zamfara kusa da inda garin Isa yake a yau, kuma a farkon ƙarni na 18 ƙarfin wannan birni ya kai har ya rinjayi Kabi.

Yadda wannan birni ya faɗi shi ne abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Gobirawa sun gangaro daga arewa, Sarkin Zamfara ya yi musu masauki, aka ba su fili a gonakin Alƙalin gari, wanda daga nan ne sunan Alƙalawa ya samo asali. Suka zauna, suka yawaita, suka yi ƙarfi, a daidai lokacin da yaƙe-yaƙe suka gajiyar da masu masaukin. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Sarki Maroƙi ya fice zuwa Kiyawa. Tun daga ranar gidan sarautar bai sake samun mazauni tabbatacce ba, yau yana Kiyawa, gobe Sabon Gari, sai a farkon ƙarni na 19 ya sauke kaya a Anka, bakin gulbin Zamfara. Alƙalawa ma ba ta yi shekara hamsin tana cin duniyarta ba. A 1808 rundunar jihadi ta ci ta, aka kashe Sarki Yunfa. Yau birnin da ya ci da birnin da aka ci duka kufai ne, kuma duka biyun suna cikin dajin da mai hankali ba zai kai ɗalibai ba a halin da ake ciki.

Saboda haka wanda ya tsaya ƙofar fadar Sarkin Zamfara a Anka, a gaban ragowar wata daula yake tsaye. Daga fada zuwa masallacin Juma'a, zuwa kasuwa, zuwa bakin gulbi, duk tafiya ce da yaro ɗan shekara goma zai iya. Abin da ya rage shi ne mai bayani, wato dattijon da zai nuna inda tsohon gari ya tsaya da inda sabo ya fara, ya faɗi wace unguwa ce ta malamai, wace ce ta maƙera, ya warware ma'anar sarautun da ake ji ana kira ranar hawan salla. Haka nan a Gummi, inda Sarkin Mafara yake, da Bukkuyum ta Sarkin Danko. Waɗannan laƙubba ba ado ba ne. Kowane ɗaya yana nuni ne zuwa ga wani tsohon mazauni da wata ƙaura da aka yi, kuma wanda ya bi sawunsu zai ga yadda yammacin Zamfara ya cika da mutane.

Wani abin da zai sa mutum ya sunkuyar da kai shi ne, littafi na farko da aka buga a kan tarihin Zamfara ba da Hausa aka rubuta shi ba, ba kuma da Larabci ko Turanci ba. Wani Bajamushe ne mai suna Kurt Krieger ya zauna a Anka, ya saurari masana, ya koma ya buga shi a Berlin a 1959 da harshen Jamusanci. Daga baya marigayi Dokta Garba Nadama, wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 a kan tashin wannan daula da faɗuwarta. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa riƙe ɗaya daga cikin biyun? Kakanninmu ne suka ba da labarin da bakinsu, mu kuma jikoki sai mun nemi tafinta kafin mu ji shi.

Mai tattaki a Anka ba zai kauce wa wani abu ba. A wurin da aka fara ginin sabuwar fada, iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu sun samu mafaka, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta riƙa duba marasa lafiyarsu a can. Kafin wannan, a 2010, gubar dalma daga aikin zinari ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Idan muka kai ɗalibi nan bayan mun ba shi labarin Birnin Zamfara, ba sai mun yi masa dogon sharhi ba. Zai gane da kansa cewa kufai ba abin zamanin da ba ne kaɗai, ana kan yin sa, kuma mutanen da suka bar Birnin Zamfara da kaya a ka ba su bambanta da waɗannan da ke gabansa ba.

Me shari'a ta ce?

Akwai masu ganin duk wannan yawon banza ne, ko ma ƙofar ɓarna. Ba mu raina damuwarsu ba, amma nassi bai tsaya tare da su ba. Alƙur'ani ya maimaita umurni da tafiya a bayan ƙasa domin duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance, a Ali Imrana da An'ami da Yusuf da Rum da wasu surorin, kuma a Suratul Hajji ya ɗaure wannan tafiya da farkawar zuciya, inda ya ambaci rijiyar da aka daina ɗiba da benen da ya zama wofi. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zuwa masallacin Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci a ƙasa, kuma yana ziyartar Baƙi'a da shahidan Uhudu. Malamanmu kuwa sun mayar da rihla wani fanni mai zaman kansa. Ibn Jubair ya siffanta gine-ginen Misira da Sham a ƙarni na 12, Ibn Baɗɗuɗa kuma ya bar Ɗanja a 1325, bai tsaya ba sai da ya taka ƙasar Mali, har ya ambaci Gobir a labarinsa.

Sai dai shari'ar da ta buɗe ƙofar ita ce ta gindaya ladabi. A kan hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, da runduna ta iso Hijr, mazaunin Samudawa, Annabi bai bari a mayar da wurin dandalin nishaɗi ba. Ya hana shiga gidajensu sai cikin tsoro da kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta wucewa. Malamai sun fahimci cewa wannan ya shafi wuraren da azaba ta sauka ne, ba kowane tsohon gari ba, amma akwai abin da ya game duka: ba a zuwa kufai don dariya da ɗaukar hoton fahari. Wanda ya je Hubbare ko fada bai dawo da komai ba sai hotunan fuskarsa, to takalminsa kawai ya cinye.

Sakkwato a yini guda

Birni na biyu shi ne Sakkwato, kuma alaƙarmu da ita ta girmi ginin ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara daga wajen 1786, ya zauna a Faru, kuma cikin malaman da ya ɗauki tafsiri a wurinsu akwai Hashimu Bazamfare. A wannan zagaye ne wani malami, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata suke halartar majalisin Shehu, Malam Abdullahi ya mayar masa da martani cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami wajen 1788 ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a maimakonta, ciki har da sassauta haraji da sakin fursunoni, kuma cikin waɗanda aka saka akwai Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara.

Ba za mu ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin tarihin da aka tace ba ya karantar da kowa. Bayan hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu ta yi watanni a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara a 1805. Zamfarawa sun karɓe su, don abokin gabarsu ɗaya ne. Amma yunwa ta yi tsanani, wasu mayaƙa suka riƙa faɗa wa rumbunan talakawa, sai zumunci ya koma gaba, aka zubar da jini tsakanin waɗanda jiya suke sahu ɗaya. Shugabannin jihadin da kansu ba su rufe wannan aibi ba. Malam Abdullahi, saboda ɓacin rai da abin da ya gani na son duniya a cikin runduna, ya bar ta a 1807 da niyyar tafiya gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam. Ɗan Anka da zai shiga Sakkwato ya kamata ya shiga da labaran nan duka biyu, na alheri da na rauni.

Muhammadu Bello ne ya gina birnin a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya tare a cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Wanda yake son ya fahimci birnin, ya fara daga shiyar da Shehu ya zauna, bayan an idar da asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. Zai yi salla a Masallacin Shehu, sannan ya taka zuwa Hubbare, wanda asalinsa gidan Shehu ne, a cikinsa aka rufe shi. A nan kuma 'yarsa Nana Asma'u take kwance, wadda ta rasu a 1864, da wasu daga cikin sarakunan Musulmi, har da Muhammadu Macciɗo da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2006. Abin da ya fi kama zuciyar mai lura shi ne ƙanƙantar wurin da rashin ƙyale-ƙyalensa. Mutumin da tutarsa ta kai Adamawa da Ilori da Liptako, a nan ya ƙare kwanakinsa yana karantarwa, mulkin kuwa ya bar wa ƙanensa da ɗansa. Wannan ba a jin sa a aji yadda ake jin sa idan an tsaya a wurin.

Iyayenmu mata suna da rabo na musamman a nan. Nana Asma'u ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin kuma ta jagoranci matan ƙauyensu su tako a ƙasa har inda take, su ɗauki karatu su koma su karantar. Ke nan tattakin neman ilimi zuwa wannan birni mata sun riga mu yin sa. Malamai sun yi saɓani a kan ziyarar maƙabarta ga mata, kuma da yawa sun halatta ta idan an kiyaye sutura, an nisanci kururuwa da cuɗanya. Maigidan da zai kai 'ya'yansa maza ya bar mata a gida, ya sani ya hana su ganin inda uwarsu a ilimi take.

A Hubbare ne ake bukatar malami ya buɗe baki. Ziyarar kabari sunna ce, manufarta tuna lahira da yi wa mamaci sallama da addu'a. Roƙo kuwa Allah kaɗai ake yi wa. Ba a ɗibar ƙasa, ba a shafar bango don neman waraka, ba a fuskantar kabari da salla. Wanda ya karanta Ihya'us Sunna da Nurul Albab ya san cewa mai wannan kabari ya ƙarar da rayuwarsa ne yana yaƙar bidi'a da girmama itatuwa da duwatsu, to ba girmamawa ba ce a yi a kansa abin da ya hana a yi a kan waninsa. Akwai kuma hadisin da ya keɓe masallatai uku da ɗaura sirdi, wanda malamai suka daɗe suna saɓani a kan faɗin ma'anarsa. Mafita mai sauƙi ita ce mutum ya ƙulla niyyar tafiyarsa a kan neman sani da ɗaukar izina, in ya iso ya yi sallama ga mamata kamar yadda sunna ta koyar. A ganinmu, wanda ya ƙaurace wa Hubbare gaba ɗaya don tsoron abin da jahilai suke yi, ya bar musu wurin ne su kaɗai, ba mai gyara musu.

Daga nan sai a nufi Kanwuri, inda fadar Sarkin Musulmi take, da Masallacin Bello a kusa da ita. Masallatan biyu an sake gina su da siminti a ƙarni na 20, saboda haka kada mai ziyara ya sa ran ganin ginin ƙasa na asali. Wannan asara ce da ya kamata a faɗa, domin mun saba ɗaukar rushe tsoho a gina sabo a matsayin hidima ga addini, alhali ana iya faɗaɗa masallaci a bar wani sashe na tsohon don na baya su gani. Bello kansa ba a nan yake kwance ba, a Wurno ya rasu a 1837, can aka rufe shi. Kusa da fada akwai Giɗaɗawa, shiyar waziran Sakkwato, zuriyar Giɗaɗo ɗan Laima mijin Nana Asma'u, wanda ya karɓi baƙuncin Baturen Ingila Clapperton a 1824. Clapperton ya sake dawowa, ya rasu a Sakkwato a 1827. Idan ƙafa ba ta gaji ba, a leƙa wurin madunka a ga yadda ake sarrafa fatar jan akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetarawa da ita hamada har Turawa suka zaci ta Maroko ce.

Ganuwa ta tafi, amma sunayen ƙofofi suna nan a bakin masu Keke Napep: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kade, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Aliyu Jeɗo. A wajen tsohuwar ganuwar ne filin Giginya yake, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya tari sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903. Bindiga mai ruwa ta watsa mahaya cikin ɗan lokaci, Attahiru ya yi gabas da masu binsa, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar, Waziri Buhari kuma ya tsaya da waɗanda ba su iya tafiya ba. Wanne ne ya fi dacewa, hijira ko zama? Malaman lokacin sun yi rubutu a kan wannan tambaya, kuma ɗaliban da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga za su fahimce ta fiye da yadda malaminsu yake zato.

Gidan tarihi da batun gumaka

A kammala da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, wadda aka sa wa sunan wazirin da ya rasu a 1997, malamin da Murray Last ya zauna gabansa kafin ya fitar da littafinsa a kan daular a 1967. A can akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da wasiƙu, da makaman da, da takardun zamanin Turawa. Ɗalibin Islamiyya da ya saba da littafin da injin ya buga, idan ya ga takardar da aka rubuta da alƙalamin kara da tawadar gida, ya ga gyaran da mai kwafi ya yi a gefe, zai san cewa karatun da yake rainawa da wahala ya iso gare shi.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ta mutum-mutumi, domin gidajen tarihi na Jos da Kaduna da Legas ba su rasa su. An haramta sassaƙa su da girmama su, wannan babu ja. Amma kallon abin da mutanen da suka bari, a wurin da ba a bauta masa, don a san halin da suka kasance a ciki, wani abu ne dabam, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun tafi a kan halaccinsa. Sahabbai sun buɗe Misira ƙarƙashin Amru ɗan Asi, dalar Fir'auna tana nan har yau. Ɗabari ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi salla a fadar Kisra bayan cin Mada'in. Alƙur'ani kuma, a Suratu Yunus, ya ba da labarin tsirar da gawar Fir'auna don ta zama aya ga na baya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya wuce wannan ɗaki ya shiga na gaba, ba a tilasta masa, amma kada ya haramta wa jama'a gidan baki ɗaya.

Batun ma ya shafe mu kai tsaye. An tono mutum-mutumin yumɓu masu daɗaɗɗen tarihi a yankunan Sakkwato da Katsina, an yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai da yawa, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta saka su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata a shekarar 2000. A ƙasa irin tamu, inda dubban matasa suke haƙa rami neman zinari, ba abin mamaki ba ne wani ya ci karo da tsohuwar tukunya ko ƙarfe ko wani abu mai siffa. Kada ya fasa, kada kuma ya sayar wa dillali. Doka ta ɗora kula da irin waɗannan kaya a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma hanya mafi kusa ita ce a sanar da hakimi ko fada.

Saura maganar hanya, wadda ita ce ta fi kowace nauyi. Babu wanda yake zaune tsakanin Anka da Daki Takwas da Gummi da zai ce a cika mota da yara a kama hanya ba tare da shawara ba. Tsare rai yana gaba da ziyara, kuma ba mu yarda wata makaranta ta yi kasada da amanar mutane don a ce ta yi abin a yaba ba. In hanya ta yi kyau, a tafi da rana, ƙungiya ƙarama, da izinin iyaye a rubuce, bayan an tuntuɓi masu sanin halin da ake ciki a ranar. In ba ta yi ba, a jinkirta Sakkwato, a fara da gida. Ɗalibanmu da suke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantun birnin kuwa ba su da uzuri, domin wasunsu sukan yi shekara huɗu a can ba su san hanyar Hubbare ba.

Farawa da gida ba ya cin kuɗi. Gummi ita ce mahaifar Shaihu Abubakar Mahmud Gummi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Mahaifinsa alƙali ne a garin, kuma a gabansa ya fara karatu kafin ya wuce Dogon Daji da Sakkwato da Kano da Sudan. Ko mutum ya yarda da dukan ra'ayoyinsa ko bai yarda ba, ya kamata yaron Gummi ya san ta wace unguwa wannan tafiya ta fara. A gidajen malamai da alƙalai na garuruwan nan uku akwai gafakoki da adakoki da littattafan kakanni a ciki, gara da ɗigon damina suna cin rabonsu, wasu kuma an baro su a ƙauyukan da aka gudu aka bari. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ta ɗauki hoton kowane shafi, a bar wa mai littafi littafinsa, a ajiye kwafi a makaranta da fada.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, kafin zafin bazara ya sauko. Malami ya nemi izinin fada tun da mako guda, ya roƙi dattijo ɗaya ko biyu su raka su, ya raba wa yara takarda da biro, ya hana ɗaukar hoton kowa sai da yardarsa, musamman 'yan gudun hijira. A fita bayan an karya kumallo, a yi azahar a masallacin Juma'a, kowane yaro kuma ya kawo abin da ya rubuta ranar Asabar mai zuwa a karanta a gaban aji.